Malam Faɗi-da-Hausa Ya Ajiye Alli

Kullum da safe shi ke buɗe ajin da ke bayan majami'a. Ya goge allo, ya gyara tabaransa mai ɗaurin zare, ya jira masu shirin zama fasto. Aikinsa koya musu Turancin alkawarin da za su ɗauka a gaban bishop ranar keɓewa. Dokarsa ɗaya ce: ba ka haddace kalma sai ka faɗi ma'anarta da Hausa. Daga nan sunan ya bi shi.

"Malam, amsar fa kalma biyu ce, mun iya," in ji ɗalibai.

"Aku ma ya iya kalma biyu. Me ka amince da shi?"

Wata shekara ɗan ƙanensa ya shigo ajin, Turanci a bakinsa kamar ruwa. A gida har an ɗinka masa riga, an sayo farar kwala. Da aka zo kan kalmar biyayya, Malam ya ce ya faɗi da Hausa.

"Zan bi na gaba da ni."

"Ko ya tura ka inda matarka ba za ta iya zama ba?"

Ɗan ya ce, "Baba, har da wannan a ciki?"

"Har da shi."

Kafin ranar keɓewa ta zo, ɗan ya janye. Ubansa ya tako har ƙofar aji: "Yaya, ɗan kowa ya wuce ta hannunka, sai nawa? Da ka bar shi ya amsa, wa zai sani?"

Malam ya sunkuyar da kai. Tun daga lokacin ba ya zuwa taron dangi, kuma in hanya ta biyo da shi ta shagon kafinta inda ɗan yake aiki yanzu, sai ya sake lungu. Bai taɓa cewa ya yi daidai ba. Yakan ce wataƙila da yaron ya shiga, da ya iya.

Makon jiya aka yi masa bankwana. Fastocin da ya koyar sun cika majami'a; kujerar ƙanensa kuwa ba kowa. Ana yabon Malam, idonsa na kan kujerar.

Malam, ɗago kanka. Kai ne ka ƙi barin ɗan ƙanenka ya yi wa Allah alkawari da harshen da zuciyarsa ba ta ji. Mu da muka san haka muka yi shiru ana zarginka, mu ya kamata mu sunkuya. Mun gode. Masu koyarwa kuma, ku yi tambayar nan tasa, ko da a gidanku amsar za ta faɗo.