Ɗan Makulli Na Biyu

Ranar wata Talata bayan an gama girbin gero, da ƙarfe sha ɗaya da rabi na safe, aka kama ni a layin masu sayar da kekuna na kasuwar Talata Mafara. Mu huɗu ne a tsaye wurin keken: ni, da dillali, da wani dattijo daga Morai da ke son saye, da Sule mutumin Damri, wanda ya sha dukan da ni ya kamata in sha. Saboda shi nake wannan rubutu. Ba na neman tausayin kowa. Duk wanda ya karanta ya ji tausayina, bai fahimci labarin ba.

Kafin wannan rana ni mai gyaran keke ne a Bakura. Na gaji sana'ar wurin mahaifina, tare da rumfarsa da famfonsa da sunansa mai kyau. Ba yunwa ta sa ni sata ba, kada wani ya yi mini wannan uzuri. Tun da mai ya yi tsada mutane suka jingine babura suka koma wa kekunansu, aiki har ya yi mini yawa. Na fara ne da ƙananan abubuwa. A kawo faci, in cire tib mai kyau in sa tsoho. A kawo gyaran birki, in musanya ƙararrawa. Mai keke ya zo ya yi mini godiya, har ya sa wa mahaifina albarka a kabarinsa, ni kuma in amsa da amin. Da na ga ba a ganewa, sai na fara raina mutane, kuma rainin nan shi ne asalin komai.

Yawancin kekunan ƙauyukanmu suna da makulli a manne da jikinsu, a ƙarƙashin sirdi, wanda ke riƙe tayar baya. Idan a buɗe yake, ɗan makullin yana maƙale a ciki, ba ya fita sai an kulle. Kullewa ba ta fi ƙiftawar ido ba. Amma na lura akwai wurin da mutumin kirki ba ya kulle keke ko da ya tuna: ƙofar gidan surukinsa. In ya kulle, kamar ya ce wa mutanen gidan akwai ɓarawo a cikinsu. Don haka zai jingina shi da bango, ya tuɓe takalmi, ya shiga zaure ya durƙusa. Ya tambayi kwana, da gajiya, da ruwa, da iyali, da jikin tsohuwa, a amsa masa da lahiya lau, a yi shiru, a sake ɗaukowa daga farko. Kansa a sunkuye, bayansa ga ƙofa, kuma kunya ba za ta bar shi ya waiwaya ba. Na sha duba agogo: gaisuwar suruki ba ta ƙasa da minti goma. Ni rabin minti ya ishe ni.

Haka na riƙa yi fiye da shekara. In shiga ƙauye a ƙasa da jakar kayan aiki a kafaɗa, in fito a kan keke. Ba a tambayar mai gyara keken wa ya hau. Ina kai su wani tsohon gidan gona na kakana na wajen uwa a kusa da Tsibiri, inda ba kowa, in sake fenti, in canza sirdi da ƙararrawa, in bari magana ta lafa, sannan in kai kasuwar Mafara ko ta Maradun. Abin da nake taƙama da shi a raina shi ne ban taɓa ɓalle makulli ba. Keken sata da ɓallallen makulli ake gane shi. Nawa kuwa da makullinsa lafiyayye da ɗansa a ciki, dillali ya duba ya ce wannan daga hannun mai shi ya fito.

Wata Alhamis da damina, wajen ƙarfe goma na safe, na shiga Damri. Gari ya watse gona. Na ga wani manomi, Malam Isa, ya sauka daga baƙin kekensa a ƙofar gidan surukinsa Malam Garba, wanda ke fama da ciwon ƙafa. Sule, ɗan Malam Garba kuma ƙanen matar Isa, yana zaune a dakalin ƙofar yana gyara ƙotar fartanya. Isa ya ɗora hannu a kan makullin, ya dubi Sule, ya janye hannun, ya shiga. Na gani da idona. Jim kaɗan tsohon ya kira Sule ya kawo wa baƙo ruwa. Sule ya shiga, ya kawo, ya bi ta ƙofar baya ya tafi gona. Ni kuma na hau keken na bi hanyar Tsibiri.

Abin da ya biyo baya a rumfata na ji shi, daga bakin masu kawo faci. Da Isa ya fito bai ga keke ba, bai ce an sace ba. Ya koma ya durƙusa ya ce, "Baba, ko Sule ya ari keken?" Kowa a wurin ya san abin da aro yake nufi a irin wannan tambaya. Sule yana da tabo, domin shekarun baya ya taɓa sayar da akuyar gidansu ba da izini ba, kuma ba a manta ba. Aka same shi a gona, ya rantse, ba a yarda ba. Samarin unguwa suka ɗaure shi a gindin bishiya suka yi ta dukansa wai ya faɗi inda ya kai. Tun daga ranar kunnensa na hagu bai ƙara ji ba. Malam Garba ya ce ɗan da ya kunyata shi a gaban suruki ba zai sake zama a zaurensa ba, ba zai sake sa hannu a akushinsa ba. Sule ya koma kwana a bukkar gona.

Da aka ba ni labarin ina cikin hura taya. Ban tsaya ba. Na ce ai Sule ba yau ya fara ba. Wannan magana ta fito daga bakina, kuma mutum biyar suka gyaɗa kai.

Sule bai yi abin da na zata ba. Bai gudu ba, bai kuma yi ta rantse-rantse ba. Ya je wurin Isa ya roƙi abu ɗaya. Kowane irin makullin nan da 'ya'ya biyu ake sayar da shi, na biyun Isa yana cikin gwangwani a ɗakinsa. Isa ya jefa masa shi a ƙasa. Sule ya ɗaure shi da zare a wuya, ya fara bin kasuwanni, Mafara, Maradun, Bakura, da na ƙauyuka. Duk keken da aka kasa don sayarwa sai ya roƙi a bar shi ya gwada. Wasu su bari, wasu su kore shi. Aka sa masa suna Sule Makulli, ana cewa dukan ya taɓa masa kai. Ya zo rumfata ma, ya gwada kekuna uku. Na ba shi ruwa, na ce Allah ya bayyana gaskiya. Ya juyo mini da kunnen dama ya ce in sake faɗa, na sake.

Wata huɗu baƙin keken yana ɓoye. Na mai da shi kore. Na san ya kamata in cire makullin in sa wani, kuma aikin minti biyar ne a hannuna. Amma sabon makulli a kan tsohon keke yana jawo tambaya, ni kuma na saba ganin kaina na fi kowa wayo. Da kaka ta yi, aka ce Sule ya gaji ya tafi ci-rani kudu. Na ji daga baki uku daban-daban, na yarda. Daga baya na san shi ya sa aka baza maganar, ya zauna a Morai wurin wani abokinsa yana jira.

Ranar Talatar nan dattijon ya riga ya hau keken ya zagaya ya dawo, dillali yana yaba masa tayoyi, sai na ji an yi sallama a bayana. Sule ne, ya rame, zaren yana wuyansa. Ya gaishe da dillali, ya gaishe da dattijon, ya gaishe ni, bai rage komai daga gaisuwar ba. Sannan ya ce zai gwada keken. Na yi dariya na ce a rabu da shi, kowa ya san larurarsa, kuma wannan keke kore ne, nasu baƙi.

Ya ce, "Fenti ba ya shiga cikin makulli, mai faci. Mi kaka tsoro?"

Dillali ya ce a bar shi ya gwada, ai ba ya cin komai. Sule ya durƙusa ya kulle tayar, ya zare ɗan makullin da ke ciki ya miƙa wa dattijon ya ce ya riƙe. Ya ciro nasa daga wuya ya zura. Makullin ya buɗe. Ya sake kullewa, ya sake buɗewa, har sau uku, don kowa ya gani.

Ban gudu ba. Kafin in buɗe baki layin ya cika. Wani ya fizge mini hula, wani ya kai mini mari, na ga wani mai sayar da itace ya zaro guda. A irin zamanin nan da zukata suke a kusa, na san abin da ke biyo baya. Sule ne ya shiga tsakani ya buɗe hannuwa. Kada ku ɗauka tausayi ne. Cewa ya yi, "Kada wanda ya taɓa shi. In kun kashe shi, wa zai gaya wa Baba?"

Washegari 'yan sanda suka kai ni Damri da ankwa a hannu. A ƙofar zauren, daidai inda na ɗauki keken, na faɗi yadda na yi, tun daga hannun da Isa ya ɗora ya janye. Malam Garba yana zaune a kan buzu, bai dube ni ba ko sau ɗaya. Da na gama ya ce wa Sule ya shigo ya zauna. Sule yana tsaye ta gefen kunnen da ya mutu, bai ji ba. Sai da tsohon ya ɗaga murya ya faɗa sau biyu. Samarin da suka dake shi suna cikin taron, su suka fi kowa zagina. Ba ɗayansu da ya ce wa Sule ya yi haƙuri a ranar.

Alƙali ya ba ni shekara biyu, bayan na nuna sauran kekunan da na iya tunawa. Ba zan ba ku labarin gidan yari don ku ji daɗin saurare ba. Wari ne, da ƙaiƙayi, da layin abinci, da kwana a gefe ɗaya. Mahaifiyata ta zo sau ɗaya. Ta ce ta gode Allah da ya ɗauki mahaifina kafin ya ga wannan, ta ajiye ƙullin garin kwaki ta tafi. Na tuba a can, kuma ina roƙon Allah ya karɓa. Amma ku sani tuba ba ta mai da wa Sule kunnensa ba.

Ku samari, musamman masu sana'ar hannu da ake miƙa wa kaya a juya baya: tib ɗin farko shi ne satar. Ranar da aka yi maka godiya a kan abin da ka cuci mutum, ka ji daɗi maimakon kunya, ka riga ka hau hanyata, kuma ba ka fi ni wayo ba. Ku daina cewa abin ƙarami ne. Ni keke nake ɗauka, amma abin da nake sata kunyar mutane ce da girmamawar da suke wa juna, kuma duk keken da ya ɓace akwai wanda ake kallo a kansa, galibi wanda ya taɓa kuskure ba shi da mai tsaya masa. Ku masu saurin ɗaure mutum a bishiya, ba ku fi ni da komai ba, ni na ɗauki keken, ku kuka kashe kunnen. Ku masu kekuna, ku kulle abinku a ko'ina, har a ƙofar suruki. Gara ya ɓata rai na yini ɗaya da a zargi ɗansa.

Da na fito na tarar wani ya kafa teburin shayi a rumfar mahaifina. Yanzu leburanci nake yi a gonakin rani, ba mai ba ni keke ko da hura taya ne, kuma daidai ne. Mako biyu da fitowata na je Damri a ƙasa neman gafara. Na sami Sule a zauren tare da mahaifinsa, hannunsu a akushi ɗaya. Isa ma ya zo gaisuwa, koren keken yana jingine a waje. Na tuɓe takalmi na durƙusa na faɗi abin da ya kawo ni. Sule ya saurara har ƙarshe ya ce ya ji, amma bai shirya ba, in tafi, in ya shirya zai aiko. Malam Garba bai amsa gaisuwata ba. Ya juya ga surukinsa ya ce, "Isa, tashi ka kulle keken ga."

Isa ya tashi ya kulle a gabana, ya sa ɗan makullin a aljihu. Shekara guda ke nan da wata uku, Sule bai aiko ba.