Isuhu, mai gaida jagoran cikin fim

Shekara bakwai ke nan da muka sa Malam Isuhu a ƙasa a nan Riyad, kuma ban taɓa rubuta komai a kansa ba sai bana. Ni direba ne, rubutu ba sana'ata ba ce. Amma wata magana ta taso a gidan da nake aiki wadda za ta iya cinye iƙamata, takardar zaman da kafilina, wato maigidan da ya ɗauke ni aiki, shi kaɗai ke da ikon sabunta mini, kuma duk ta inda na juya maganar sai in ji muryar Isuhu a ciki.

Ɗaki ɗaya muka zauna da shi a unguwar Shumaisi, tare da wasu ma'aikata 'yan'uwanmu. Ni mutumin Gumel ne, shi mutumin Tanut ta ƙasar Damagaram, lebura a wajen gini, ya kuma girme ni nesa ba kusa ba. A lokacin babu silima ko ɗaya a garin nan. Faifai muke samowa, mu sa a wata tsohuwar talabijin ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci an ci shinkafar kabsa. Mu dai a ba mu duka da harbi da mota tana wuntsilawa. Shi kuwa finafinan hamada yake so, musamman na ƙasar Ostareliya, inda Bature zai ɓata cikin jan yashi, 'yan fashi na bin sa, ƙishirwa na neman kashe shi.

Wanda ya ga ɗaya ya ga sauran. Daidai lokacin da Baturen ya galabaita, sai wani baƙin mutum ya ɓullo daga bayan dutse, cikin 'yan asalin ƙasar da Turawa suka tarar a can. Ba takalmi, jiki da farar ƙasa, mashi a hannu. Zai durƙusa ya dubi sawu, ya tona gindin wata ciyawa ruwa ya fito, a sa wani kiɗa mai ban tsoro kamar aljani ne ya yi aikin. Baturen zai sha ya miƙe ya ce a nuna masa hanya. Kafin fim ya ƙare an harbe jagoran, ko ya juya ya shige daji, Baturen ya koma wajen matarsa.

To, da zarar baƙin mutumin nan ya fito, sai Isuhu ya gyara zama, ya dafa ƙirji, ya ce da talabijin, "Sannu da rana, bawan Allah. Ina gajiya? Ya mutanen gida, suna lahiya? Yaya sunanka?"

Mun yi masa tsiya har mun gaji. Na taɓa ce masa, "Malam, in ya amsa ka sanar da mu, mu kawo masa shayi." Bai yi dariya ba. Ya ce, "Kai Habu, a wajenmu ko ƙishi na kashe ka, ba ka cewa ina rijiya sai ka gaida mutum, ka tambayi gidansa. Wannan ya sha ruwan mutum bai ko ji sunansa ba. Tunda shi bai da tarbiyya, ni bari in yi masa." Ya ƙara da cewa tonon ruwan nan ba tsafi ba ne, wani ne ya koya masa, kuma wanda ya koya masa ɗin ma yana da suna.

Abin da ya sa maganar ta zauna masa a rai ba ɓoyayye ba ne. Mutanen garin nan gwanayen gaisuwa ne a tsakaninsu, sai su riƙe hannun juna su tambayi uba da kaka. Amma ma'aikacin da ba su sani ba, sunansa ɗaya: ya Muhammad. Suna ne mai daraja, ba wanda zai ƙi shi, sai dai ba shi aka raɗa wa Isuhu ba. Ranar da ya faɗi a wajen aiki aka kai shi asibiti, bai kwana ba. Shugaban leburorinsu ya zo mana ta'aziyya, mutumin kirki, har da hawaye, ya ce Allah ya jiƙan Muhammad. Shekaru Isuhu yana aiki a ƙarƙashinsa. Wannan kalma ta fi mini ciwo a kan kabarin da muka baro babu alama sai ɗan dutse, domin kabari haka ake yi wa kowa a nan.

Yau ga silima an buɗe a Riyad, samari sai sayen kyamara suke. Nakan tambayi kaina me Isuhu zai ce. Ina jin zai sayi tikiti, ya zauna a gaba, ya gaida jagora da ƙarfi har masu gadi su fitar da shi.

Cikin samarin nan har da Nawaf, ɗan kafilina, wanda ni na riƙa kai shi makaranta. Ya tsara fim ɗinsa na hamada, da jarumi da 'yan fashi da mota, kuma ba sai na gaya muku wanda zai ɓullo daga bayan dutse ba. Ya ce ni ne na dace, ba zan ma yi magana ba, tonon ruwa ne kawai sai a harbe ni. Na ce masa, "Ya Nawaf, ba matsala, zan yi. Amma jaruminka zai gaishe ni, ya tambayi sunana da iyalina kafin ya sha."

Ya ce, "Ammu Habu," wato baffa Habu, "mutum na mutuwa da ƙishirwa, ina lokacin gaisuwa?" Na ce ai ubansa ko a tsakiyar titi ya ga ɗan'uwansa sai na tsayar da mota. Maganar ta kai kunnen tsohon. Ya kira ni ya ce direba ba ya kafa wa ɗan gida sharaɗi, in tuna iƙamata ta kusa ƙarewa. Na ji tsoro, ba zan ɓoye ba, ina da iyali a Gumel da ke ci daga wannan sitiyari. Na ce masa mota zan ja masa ko'ina a kowane lokaci, amma wannan ban janye ba.

Makon jiya muka fita bayan gari, Nawaf ya ce a gwada yadda nake so a gani, in bai yi masa ba zai yanke. Yaron da ke jarumi ya rarrafo, ya ɗago kai ya yi sallama, ya tambayi lafiyata da ta iyalina, ya tambayi sunana. Ban shirya amsa ba. Sai na ji bakina ya ce da Hausa, "Lahiya lau. Sunana Isuhu ɗan Mamman, mutumin Tanut. Ina da mata da 'ya'ya, suna can suna jirana." Sannan na durƙusa na tona masa ruwa. Nawaf ya tambaye ni me na ce, na fassara masa.

Isuhu bai bar gida ba, bai bar gona ba, ginin da ya ɗauki bulonsa ma ba wanda zai ce ga hannunsa. Abin da ya bari shi ne gaisuwar nan da muka mayar abin dariya, ga shi yau ta hana ni zama lafiya. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Saura wurin da za a harbe jagora, Juma'a mai zuwa za a ɗauka, kuma har yanzu tsohon bai ce mini uffan kan iƙama ba. Na riga na gaya wa Nawaf: in gaisuwar tana cikin fim, zan kwanta a yashi in mutu masa sau nawa yake so. In ya yanke ta, ya je ya nemi wani Muhammad ɗin.