Karan Dawan Kawu Ya'u

Na Allah ne mu, kuma wurinSa muka nufa. Ranar Talata, takwas ga watan Afrilu, bayan la'asar, Allah Ya karɓi ran Kawuna Malam Ya'u magini na Ƙofar Kuyambana. Da girmana na koyi rubutu, Kawu, ban zaci wannan ne zan rubuta maka ba.

Mutane sun san ka da gini, yara kuwa da Sarkin Kunkuru suke tsokanarka. Duk bazara, idan kududdufin bayan gidanmu ya ƙafe, kunkurun ruwa suka nutse cikin laka suna jiran damina, kai ne kake riga masu haƙar ƙasa shiga. Ba ka yarda da fartanya, don tana fasa musu baya. Da karan dawa kake caccakar laka a hankali, in ka ji ya daki abu mai tauri sai ka sa hannu. Ka naɗe su a jiƙaƙƙen buhu, ka kai su rafi a keke. Wani mai magani ya taɓa taya maka guda uku, ka ce masa, "Malam, baƙi na raka, ba kaya na ɗauko ba."

Ni ban taɓa son kududdufin nan ba. A cikinsa ɗana na fari, Suhail, ya nutse wata damina, kai ka fito da shi a kafaɗarka. Tun daga ranar na hana ƙanensa Sagiru ko leƙa bakinsa, har ya zama saurayi. Na taɓa tambayar ka me kake nema a wurin da ya cinye mini ɗa. Ka ce, "Radiya, da ƙasar gidan kunkurun nan na gina rabin unguwar nan. Ba su suka ɗauke shi ba."

Yanzu an sayar da filin kududdufin. Ranar Asabar tifa za ta fara juye ƙasa, kunkurun kuma suna can ƙarƙashi. Ka yi niyyar fito da su, ciwo ya kayar da kai. Saman lakar ya bushe kamar daɓe, amma ka sha faɗa mana akwai inda take haɗiye mutum har ƙirji.

Jiya a zaman makoki Sagiru ya durƙusa a gabana. Ya ce, "Umma, in ban shiga ba za a binne su da rai. Amma in kin ce a'a, na haƙura." Shi kaɗai ya rage mini. Ko abinci ban iya kaiwa baki ba.

Da safen nan matarka, Iya Batulu, ta aiko da karanka da igiyar da kake ɗaurawa a ƙugu. Ba ta haɗo da magana ba. Na miƙa wa Sagiru karan. Igiyar kuwa na riƙe. Gobe zai shiga da abokansa, ni kuma zan tsaya a bakin kududdufin da na rantse ba zan ƙara takawa ba, ɗaya bakin igiyar a ƙugunsa, ɗayan a hannuna.

Allah Ya jiƙanka, Kawu, Ya haskaka kabarinka, Ya tausaya maka kamar yadda ka tausaya wa bayinSa marasa baki. Iya Batulu da 'ya'ya da jikoki, Allah Ya ba mu haƙuri. Wanda ya karanta wannan, in ya yi wa Kawu addu'a, ya sa Sagiru a ciki.