Almakashin Tokuzo da Bishiyar Kasko

Tokuzo Hiraoka ya tsufa yana aski a wani ɗan shago kusa da tashar jirgin ƙasa ta Omiya. Da gwiwoyinsa suka gaji, ya rufe shagon ya koma gida, amma hannunsa bai samu labarin ritaya ba. Ya daidaita bakin tsintsiya da almakashi. Ya rage gezar labule. Ranar da matarsa Sumie ta tarar da kyanwarta ba gashin baki a gefe ɗaya, sai ta ɗauke almakashinsa, wanda ya gada wajen maigidan da ya koya masa sana'a, ta kulle a akwati.

"Baban Noboru, kai da shi sai ranar da ka bar wani abu ya girma."

"Haba Sumie, na dama ne fa ya fi na hagu tsawo!"

"Ƙara ta kawo maka?"

Washegari ta tasa shi gaba zuwa unguwar masu rainon bonsai, bishiyoyin nan da ke tsufa a cikin kasko ba su wuce gwiwa ba. Lambun tsoho Kanemitsu suka shiga, mutumin da Tokuzo ya yi ta yi wa aski har gashin ya ƙare.

Tokuzo ya nufi wata tanƙwararriya mai kaurin gindi.

"Wannan ta girmi kakanka," in ji Kanemitsu. "Gaishe ta ka wuce."

Can ƙarshen layi ya hango wata 'yar bishiyar keyaki, kanta cunkus kamar na yaron da ya gudu daga aski. Yatsunsa biyu suka fara buɗewa suna rufewa.

"Ita nake so."

"Kai, abokina! Kowa gindi da saiwa yake dubawa, kai suma ka duba. To, ka ci sa'a, tana da wuyar mutuwa. Amma a nan sabon shiga ban ruwa yake fara koya, shekara uku, kafin ya taɓa ƙarfe."

"Shekara ɗaya ta ishe ni," Sumie ta ce. "In ta kai baɗi bai cire mata ko ganye ba, zan buɗe akwati."

Haka Tokuzo ya zama mai ban ruwa. Sai ya taɓa ruwan da bayan hannu kafin ya zuba, yana ba ta labarin gari da ciwon gwiwa, kamar mai wanke kan baƙo. Wani reshe ya tsiro ta hagu, ya yi zaƙo-zaƙo. In Tokuzo ya zauna gabansa, sai ya danne hannuwansa da cinya. Rannan Sumie ta kama shi ya kai baki kusa da reshen.

"Me kake yi da haƙori a nan?"

"Sansanawa nake."

Da sanyi ya ƙarato ganyen ya yi ja, ya fara zuba. Tokuzo ya san bishiya kan yi haka, amma Sumie za ta yarda? Ya tsince ganyen ɗaya bayan ɗaya a kwanon shinkafa, ya rungumi kasko sai lambun Kanemitsu neman shaida.

"Duba da kyau, ka gaya mata ba tsinka na yi ba. Sanƙo ne ya kama ta!"

Kanemitsu ya shafa ƙwaryar kansa. "Nata zai dawo. Nawa da na damƙa maka, ina yake?"

Nata kuwa ya dawo. Da sanyi ya wuce, keyaki ta yi sabuwar suma, Sumie ta ajiye almakashi kusa da shayinsa.

Kanemitsu ya taɓa gaya masa kowace bishiya tana da fuska, sai an nemo ta ake yanka. Tokuzo ya yi ta juya kasko har shayi ya huce. Da ya samo fuskar, sai ya ga ashe reshen hagun nan shi ne kyanta. Ya bar shi. Wani ɗan tsinke ya datse ta baya, ƙyas, shi ke nan.

Sai ya tashi ya ɗauko madubin hannu, ya riƙe a bayan bishiyar, ya ɗan rusuna.

"Ƙeyar ta yi, ranki ya daɗe?"

"Ta ce ta yi," in ji Sumie daga bakin ƙofa. "Riƙe almakashinka."

Kyanwa dai, da ta ji ƙarar ƙarfen, ba a sake ganinta ba sai da yamma.