Darasin Lagireto

A shekarun da taraktoci suka fara yawa a gonakin Funtuwa, ina cikin samarin da aka ɗauka a wata cibiyar koyon sana'a a hanyar Malumfashi. Malaminmu yakan buga darussa da Hausa, da zane, ya ajiye a bakin ƙofa. Kowa ya ɗauka kyauta, ɗalibi ko ba ɗalibi ba, kuma wanda ya karanta yana iya shiga jarrabawar ɗaukar direbobi tare da mu. Wannan ya tsaya mana a rai, don guraben kaɗan ne.

Akwai wani magidanci daga Tsiga, mai noma da shanu, da yake zuwa a keke duk mako ya ɗauki nasa. A yaƙi da jahilci ya koyi boko. Annoba ta kashe masa shanun, aikin direban nan kaɗai yake hange. In ya tare mu da tambaya sai mu ga ya fi mu riƙewa.

Da aka fito da darasin zafin inji, muka kwashe takardun kaf, muka kai wa mai tsire.

Magidancin ya iso yana gumi, ya tarar ba komai.

“Samari, na wannan makon fa?”

“Ya ƙare, Baba. Akawun shanu ma sai ya yi karatu?”

Ya yi dariya tare da mu, sannan ya jawo ni gefe. “Ɗana, kai ka ji a aji. Faɗa mini da baki, don Allah.”

Na ce in inji ya yi zafi, a buɗe murfin lagireto, wato tankin ruwan sanyaya inji, nan take a zuba ruwa, kada a jira. Ya maimaita har ya zauna masa, ya sa mini albarka, ya ba ni goro.

Ranar jarrabawa taraktar ta sha huɗa tun safe kafin layi ya zo kansa. Mai jarrabawa ya ce, “Malam, ga ta ta yi zafi, me za ka yi?” Sai ya kai hannu ya buɗe murfin lagireto. Muna tsaye muna kallo. Tafasasshen ruwa ya feshe masa hannu da gefen fuska.

Mai jarrabawa ya daka masa tsawa, ya tambayi wanda ya koya masa wannan hauka. Magidancin ya dube ni da ido ɗaya, ɗayan ya ƙi buɗuwa. Ya ce, “Ni ne ban gane ba, ranka ya daɗe.”

Aka ɗauke mu aiki mu duka. Shi kuwa a bayan a-kori-kura aka mai da shi Tsiga, da kekensa a gefe, don hannun ba ya iya riƙe kan keke.