Hoton da na goge wa Inna tsaga

Shekarun baya, lokacin mulkin farar hula bai daɗe da dawowa ba, na kamu da ciwon ɗaukar hoto. Abuja tana ta tsirowa a lokacin, duk inda ka juya gini ake yi, an ɗan ƙara mana albashi, wayar hannu ta fara shiga aljihun mutane, sai dai kira kawai take yi, ba ruwanta da hoto. Wanda ya shafa min ciwon abokina ne na ofis, mutumin Filato, wanda kowace Asabar sai ya rataya kyamara ya shiga gari yana ɗaukar duwatsu da masu gasa masara. Na bi shi sau biyu, na ce ni ma sai na mallaki tawa.

Shi ya raka ni wani shago a Utako. Mai shagon Bakano ne, irin waɗanda za su sayar maka da laima a tsakiyar rani kuma ka yi musu godiya. Ya fito da kyamara biyu, ƙarama mai shiga aljihu, da wata babba baƙa wadda ake cire mata gilashi a sauya wani. Abokina ya ɗauki ƙaramar ya ce, "Oga, wannan ya ishe ka. Koyo kake yi." Mai shago ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Haba, Yallaɓai ai bai yi kama da mai riƙe ƙaramar kyamara ba." Shi ke nan ya gama da ni. Na ɗauki babbar, na haɗa da jaka da filas, wato fitilar nan mai walƙiya, da ƙafar ɗora kyamara wadda har yau ban tuna na buɗe ta sau biyar ba.

Sai maganar manhajar gyaran hoto, wadda a wancan zamanin a faifai ake sayar da ita, ka je gida ka sa a kwamfuta. Nan ma biyu ce. Ɗaya haske kawai take daidaitawa, ta yanke gefen hoto, ta miƙar da wanda ya karkace. Ɗayar kuwa, in ji mai shago, babu abin da ba ta yi: ta cire ƙurji, ta goge tamoji, ta kawar da mutumin da ya gifta ta bayanka. Abokina ya ce, "Wannan na masu mujalla ne fa. Ko ni ban iya shi ba." Jin ya ce bai iya ba shi ne ya sa na saye ta. Ina da wannan halin, ban ɓoye wa kowa ba.

Watanni na yi ina ɓarna da ita. Na sanya wa matata hasken da ba ta da shi, ta yi dariya ta ce in mayar mata da kalarta. Na rage wa shugaban sashenmu tumbi, shi kam ya ji daɗi har ya sa aka wanke masa babba.

Ana cikin haka mahaifiyata ta zo daga ƙauyenmu na ƙasar Gobir don sunan ɗiyarmu, muka riƙe ta ta ɗan kwana biyu. Ni ne ɗanta na fari, kuma Inna irin matan da ne masu tsananin kunyar ɗan fari. Ba ta faɗin sunana. Ba ta kallon fuskata. In na shigo gaishe ta, sai ta kawar da kai gefe ta amsa wa bango. In tana da magana da ni, matata take gaya wa, ko da ina zaune a wurin: "Ki ce wa mai gidan naki kada ya riƙa dare a waje." Na tashi a haka, ban taɓa ɗaukarsa komai ba.

Wata rana wani Alhaji ɗan garinmu, mai sayar da goro a kasuwar Gudu, ya zo gaishe ta da wani labari. Yakan je Kumasi saro goro lokaci-lokaci. Ya ce a zangon Hausawa na can ya haɗu da wata tsohuwa Bagobira, da ta ji sunan ƙauyenmu a bakinsa sai ta riƙe masa riga. Ta ce ta bar ƙanwa a ƙauyen tun ƙanwar tana ƙarama, lokacin da ta bi mijinta fataucin goro, mijin ya rasu, hanya ta yanke. Inna tana jin haka ta ajiye carbinta. Yayarta ce guda ɗaya tak, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma an daɗe da yanke ƙauna har ana sa ta cikin addu'ar mamata.

Na ce a kira ta a waya mana. Alhaji ya ce kunnenta ya yi nauyi, ko a gabanta kake sai ka ɗaga murya. Kuma ta ce an sha zuwa mata da labarin dangi na ƙarya, don haka gani ya kori ji, a kawo mata hoto. Idonta dai garau yake.

Nan fa na ga ranar kyamarata ta zo. Inna ta yi wanka ta sa atamfarta mai kyau, ta zauna a falo, ta sunkuyar da kai ta karkata gefe kamar yadda ta saba in ina wuri. Na kunna filas na ɗauka. Da na buɗe hoton a kwamfuta sai na ga tsufa ya fito ƙarara, fuska duk layi-layi. Inna tana da tsagar Gobirawa a kumatu biyu, amma shekaru sun haɗe tsagar da tamoji, ni kuma da aka haifa bayan an daina yi wa yara, ban tsaya bambancewa ba. Raina ya ce min, mutanen wata ƙasa za su ga hoton nan, kada su ce ɗanta yana Abuja amma ya bar ta ta lalace. Na ɗauko abin sumulce fata na bi kumatun nan a hankali, na ƙara haske, na gyara bakin mayafi. Da na gama, wata kyakkyawar mata ce mai kimanin shekara arba'in take kallon ƙasa. Na ji kaina ya yi girma.

Na wanko shi na ba matata ta kai mata. Inna ta daɗe tana dubawa, sannan ta ce, "Ki ce an gode. Allah ya yi albarka." Alhaji ya karɓa a cikin ambulan ya sa a jaka, bai ko buɗe ba.

Makonnin da suka biyo baya Inna ba ta da zance sai na yayarta. Ina jiyo ta daga ɗaki tana ba matata labarin yadda yayar take goya ta zuwa rijiya, da yadda take ɓoye mata ƙanzo. Ko sallama aka yi a ƙofa sai ta gyara zama.

Ranar da Alhaji ya dawo, tun daga yadda ya zauna na san babu daɗi. Ya ciro ambulan ɗin ya ajiye a gabana. Ya ce tsohuwar ta fita da hoton waje wurin haske, ta duba, ta sake dubawa, sannan ta miƙo masa ta ce, "Wannan ba 'yar gidanmu ba ce. Ƙanwata tana da aska. Ka mayar wa masu shi, Allah ya haɗa kowa da nasa." Ya ce daga nan ta shige ɗaki ba ta sake fitowa ba har ya tafi. Sai a lokacin ya zaro hoton, ya dube shi, ya saci kallon Inna, ya dube ni ya ce, "Ɗana, ina ka kai mata tsagar?"

Inna ta tashi ta shiga ɗaki ta turo ƙofa. Ban taɓa jin kunya da baƙin ciki sun haɗu min irin na ranar ba. Garin neman gira na rasa ido.

Bayan Alhaji ya tafi matata ta gaya min abin da ya fi ƙona min rai. Ta ce tun ranar da ta kai hoton Inna ta gani. Cewa ta yi, "Ya yi kyau, sai dai ban san matar ba." Matata ta ce bari ta gaya min a sake, Inna ta hana, ta ce yaron ya sha wahala a kansa, ba za a kushe masa aiki ba. Wato ta gwammace ta yi kasadar rasa yayarta da ta buɗe baki ta ce ɗanta na fari ya yi kuskure.

Na koma kwamfuta neman asalin hoton, ashe na danne shi da gyararren, ban san ana ware kwafi ba. Na kira abokina na zayyana masa. Ya yi dariya har da tari, sannan ya ce, "Oga, ka ga abin da na faɗa maka? To yi haƙuri. Gobe da safe ka cire filas ɗin nan, shi ne yana wanke fuska. Ka sa Mama kusa da ƙofa, haske ya zo ta gefe, kowane layi zai fito. Kuma ta kalli kyamara sosai, kumatu biyu duka. In ka gama kada ka taɓa komai, ko ƙuda ne ya sauka ka bar shi."

Alhaji ya ce akwai abokin fataucinsa da zai tashi a ƙarshen mako, in an samu hoton zai ba shi, in kuma an rasa wannan sai bayan damina. Tsohuwa kuwa ba a yi mata alkawarin bayan damina.

Da safe muka ajiye kujera a bakin ƙofar falo. Inna ta zauna, kai a ƙasa. Matata ta ce, "Inna, sai fa kin ɗago kin duba nan." Ta ƙara da cewa, "Kyamarar za ki duba, ba shi ba." Inna ta ce, "To ai shi ne a bayanta." Matata ta ce ko ita ta karɓa ta ɗauka, har na fara ciro igiyar daga wuyana. Sai Inna ta ce, tana kallon tabarma, "Bar shi. Shi ya ɓata, shi zai gyara."

Na sa ido a kyamara. A hankali ta ja mayafinta baya, ta ɗago kai, ta dube ni. Ina da aure da 'ya'ya, amma ranar ce na fara ganin ƙwayar idon mahaifiyata sosai. Hasken safiya ya bi kumatunta, tsagar ta fito ɗaya bayan ɗaya daga gefen baki zuwa kunne, kuma a kumatun hagu na ga guda ɗaya ta kauce wa 'yan'uwanta ta yi ƙasa. Na danna sau da yawa. Ina sauke kyamarar ta mayar da kanta gefe ta ce wa matata, "An gama ko? Wuyana ya gaji."

Ban buɗe manhajar nan ba. Daga kyamara sai wurin wankin hoto.

Saƙon abokin fataucin daga Kumasi ya zo ta wayar Alhaji, shi kuma ya taso daga Gudu da kansa don ya faɗa a gaban Inna. Ya ce tsohuwar ta sa yatsa tana bin tsagar, da ta zo kan karkatacciyar nan sai ta tsaya, ta fashe da kuka. Ta ce ranar da aka yi wa jaririyar aska tana laɓe a bayan rumbu tana leƙe, da ta ga jini sai ta ƙwala ihu, wanzami ya firgita hannunsa ya goce. Ta ce har duka ta sha a kan wannan layin, ko a cikin dubu za ta gane shi. Inna ta kai hannu ta shafa kumatunta na hagu, tana dariya hawaye na zuba, ta ce, "Ita ce. Wallahi ita ce. Kullum sai ta ce ita ta yi min."

Bayan sallah Alhaji ya tafi da Inna har Kumasi ta mota, ta yi wata guda a can, ta dawo da goro da labarin da bai ƙare ba har ƙarshen rayuwarta. Yanzu ita da yayar tata duk sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu.

Har yau ina ɗaukar hoto, kuma matasa sukan tambaye ni wace kyamara za su saya, wace manhaja ta fi. Nakan ce su sayi wadda za su iya, su ware kwafi kafin su taɓa komai, kuma su tambayi mai fuska kafin su gyara masa fuska. Wayoyin yanzu ma ba sa jiran a sa su, da kansu suke sumulce mutum. Nakan kashe wannan a tawa, ɗiyata tana mita wai ina fito da ita da ƙuraje.

Ina kewar Abujar wancan lokacin, da yawon Asabar da abokina, har da Bakanon da ya yi min wayo. Babbar kyamarar ta daɗe da lalacewa. Hoton dai yana nan a bangon falona, babu abin da aka taɓa a jikinsa. Inna ta yi shekaru bayan nan tana amsa gaisuwata tana kallon bango. Yanzu kuwa duk lokacin da na shigo gida, ita ce take fara kallona.