Shekarar da Layinmu Ya Cika da Masu Aski

Ƙanin mahaifiyata, wanda kowa ke kira Kawu, ya shekara ashirin da shida yana aski a shago ɗaya, gaban madubin da ya tsage a kusurwa. Bai yi arziki ba, amma da almakashi ya raini 'ya'ya biyar, kuma duk layinmu babu ƙeyar da bai sani ba.

Bara wata ƙungiya mai sama wa matasa aikin yi ta ɗauke shi ya koyar da aski na wata biyu. Zo ka ga Kawu cikin sabuwar riga, ana ce masa Malam, yana wani gyara murya! Kuma tsakani da Allah ya koyar, bai ɓoye musu komai ba.

Ranar yaye su aka ba kowa injin aski da kujera. Su goma sha tara ne, dukkansu 'yan layinmu. Babu wanda ya tsaya ya tambaya gashin wa za su aske.

Kafin wata ya ƙare kowace rumfa ta zama wurin aski, kuma kowane magidanci yana da ɗa ko ƙane a cikinsu. Kawu sai ya share shago da safe, ya kaɗe tawul, ya zauna yana kallon titi. Haushi ya ishe ni, na ce ya koma wurin mutanen ƙungiyar nan ya yi magana.

"In ce musu me, 'yar nan? Takardar yabo fa suka ba ni. To ni yanzu na ci ne, ko na faɗi?"

Wallahi ni ma ban sani ba.

Mutum ɗaya ya rage masa, wani tsohon direba mai zuwa duk Asabar. Ran nan ya zo ya tsaya bakin ƙofa, yana ta gaisuwa ba ƙarewa.

"Shigo mana, cire hular," in ji Kawu.

Ya cire. An riga an yi askin.

"Autana ne ya matsa min," ya ce, yana kallon ƙasa.

Kawu ya zagaya bayansa, ya daɗe yana duba ƙeyar, har da shafawa da babban yatsa. Na san kuskure yake nema.

"Kai, yaron nan ya fi ni hannu," ya ce, yana murmushi.

Da direban ya tafi, Kawu ya hau kujerar da masu zuwa aski ke zama ya zauna, injin askinsa a hannunsa.